A riƙa sa 'yan TP su rubuta abin da ya faru a aji, su kuma karanta na juna

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan yaran nan da kwalejojin ilimi suke turo mana makarantu domin koyon koyarwa, waɗanda muke ce wa 'yan TP, saboda lokacinsu ya sake zagayowa kuma abin da muka gani bara da bara waccan shi za mu sake gani bana in dai ba a taɓa komai ba.

Ni malamin firamare ne a nan cikin garin Kaduna, na daɗe da alli a hannu, kuma kusan duk shekara in sun zo da takardarsu ni hedimasta yake danƙa wa su. Toh ga yadda abin yake tafiya a yawancin makarantunmu, duk malamin da ke karanta wannan ya san ba ƙarya nake ba. Yaro ko yarinya za su zo ranar Litinin da sabon ɗinki da sabon littafin lesin not, wato littafin tsara darasi, hedimasta ya yi murna domin dama malamai ba su isa ba, a kai shi aji, malamin ajin ya miƙa masa alli da rajista yace Allah ya ba da sa'a, daga nan sai ka neme shi ka rasa, wani yana ofishin malamai yana hira, wani ya ma zame ya tafi kasuwa ko ya hau Keke Napep ɗinsa neman na cefane, kuma ba wai ina zagin su ba ne, albashin ne bai kai wata ba. Shikenan an bar ɗan shekara ashirin da ɗaya da yara tamanin ko fiye, wasu a benci wasu a ƙasa, a unguwanni irin su Rigasa da Tudun Wada da Hayin Banki ma wani ajin in ka shiga ba ka da inda za ka ajiye ƙafa balle ka isa layin baya.

Sai sufabaiza. Zai zo daga kwaleji 'yan lokuta kaɗan a duk tsawon zangon, kuma galibi an san ranar da zai zo. Ranar yaron zai kwana yana zane a kwali, ya zaɓi darasin da ya riga ya koyar a makon jiya, ya ja wa yara kunne cewa baƙo zai zo duk wanda ya yi surutu zai gamu da shi, har a shirya waɗanda za su ɗaga hannu. Sufabaiza ya zauna a baya minti talatin, ya duba shiga, ya duba murya, ya duba rubutun allo, ya sa maki ya wuce makaranta ta gaba domin shi ma yana da ɗalibai da yawa a warwatse kuma kuɗin mota ya yi tsada. Abin da ya faru a sauran ranakun, ranar da aji ya ƙwace masa, ranar da ya yi bayani sau uku yara suna kallonsa kawai, ranar da ya koma gida yana tunanin anya wannan aikin nasa ne, babu wanda ya sani babu wanda ya tambaya. Alhali a waɗancan ranakun ne ake zama malami ko a kasa zama.

A ƙarshen kowane lesin not akwai ɗan wurin da aka bari domin malami ya faɗi yadda darasin ya kasance. Na karanta waɗannan littattafai har na gaji, wallahi kusan jimla ɗaya ce kowa yake rubutawa da Turanci, wai darasi ya tafi daidai kuma yara sun gane. Wasu ma tun daren jiya suke rubuta ta tare da sauran lesin not ɗin kafin su shiga ajin, wato darasin ya yi nasara tun kafin a koyar da shi.

Shawarata mai sauƙi ce kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba. Kowane ɗan TP in ya fito daga aji ya zauna minti goma ko sha biyar ya rubuta gaskiyar abin da ya faru, me na so su koya, me suka koya a zahiri, a ina abin ya karkace, me zan canza gobe. Sannan, kuma nan ne gishirin maganar, kada ya rufe ya ajiye a ƙarƙashin katifa, ya ba 'yan uwansa 'yan TP su karanta su ce wani abu, shi ma ya karanta nasu. Ko a littafi ne mai fefa arba'in da za su riƙa musanya, ko a waya ne a ɗan guruf ɗinsu na mutum biyar ko shida, duk ɗaya ne, abin da ake nema shi ne a rubuta kuma a samu mai amsawa.

Bari in ba ka misali da abin da ya faru a gabana. Akwai wata yarinya da aka ba ta aji uku, mai ƙoƙari ce sosai, ta koyar da lissafin ɗebewa mai aro kwana da kwanaki, a aji in ta tambaya kun gane sai su haɗa baki su ce eh anti, amma da ta ba su aiki ta karɓi littattafai sai ta ga fiye da rabin ajin sun faɗi. Da farko abin da ta rubuta shi ne yaran nan ba su da kai. Na ce mata wannan ba bayani ba ne, hukunci ne, ki rubuta min ainihin abin da suka rubuta a littafinsu. Ta koma ta duba, sai ga shi ta ba su 52 a cire 38, kuma yara da yawa amsa ɗaya suka bayar, 26. Toh in yara talatin suka yi kuskure iri ɗaya ai ba rashin kai ba ne, wata ƙa'ida suke bi wadda suka ƙirƙira wa kansu. Ta rubuta wannan ta tura wa 'yan uwanta, sai wani saurayi da yake TP a wata makaranta can wajen Kawo ya amsa mata yace ki duba da kyau, suna kallon 2 da 8 sai su ce ba a cire babba daga ƙarami, sai su juya su cire 2 daga 8 su samu 6, su cire 3 daga 5 su samu 2, ga 26 ɗinki nan, yace shi ma haka nasa suka yi masa. Wata kuma ta ce ta daina cewa aro gaba ɗaya, ta samo tsinken tsintsiya ta ɗaure goma goma da roba, dami biyar da tsinke biyu a warwatse, ta ce wa yaro ya ba ta takwas, dole da hannunsa ya kwance dami ɗaya. Yarinyar nan ta gwada washegari, ta dawo ta rubuta cewa 'yan gaba sun kama amma 'yan baya ba su ga tsinken ba sam saboda nisa, sai aka sake ba ta shawara ta raba su rukuni rukuni kowane rukuni da nasa damin, kuma kowa ya zo da tsinkensa daga gida. Ba zan ce duk ajin sun iya ba, akwai waɗanda har ta tafi suna nan a kan 26 ɗinsu, amma ita ta bar makarantar nan da wani abu da ba a ba ta a lakca ba, ta koyi cewa amsar da ba daidai ba tana da dalili kuma aikin malami ne ya nemo shi.

Ka lura Malam Edita, babu farfesa a cikin wannan labari, yara ne sa'o'in juna su uku a makarantu daban daban, babu wanda ya fi wani ilimi, kawai dai kowa ya ga wani gefe. Da ba ta rubuta ba da maganar ta tsaya a kan yaran nan ba su da kai, kuma da wannan jimlar za ta shiga aiki ta yi shekara talatin da biyar tana maimaita ta.

Me ya sa sai rubutu, me ya sa ba hira kawai ba? Ai suna hira, kullum in an tashi za ka gan su a gindin bishiya ko wajen mai awara suna labarin aji, amma hirar baka ƙorafi ce da dariya, wane ya yi kaza, malam wane ya cika faɗa, a watse. Rubutu yana tilasta maka ka tsaya ka tuna daki daki, kuma yana nan ba ya gudu, bayan wata biyu ka koma ka karanta abin da ka rubuta a makon farko ka ga da idonka inda ka tashi da inda ka kai. Sannan akwai masu kunya, musamman 'yan mata da yawa da ba za su taɓa buɗe baki a gaban maza su ce na kasa ba, amma ka ba su biro za ka sha mamakin zurfin abin da suka lura da shi. Wata ta taɓa rubuta cewa ta gano yaranta ba karatu suke ba, hadda suke, domin ranar da ta rubuta kalmomin a allo ta sauya musu jeri sai suka ci gaba da rerawa a tsohon jerin, tana nuna kaza suna cewa doki. Wannan abu yana faruwa a azuzuwa bila adadin a jihar nan, malamai da yawa sun yi ritaya ba su taɓa gwada sauya jerin ba.

Mu nan ƙasar Hausa ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dubi yadda alarammomi suke musaffa, a zauna a kewaye, kowa ya ja nasa, in ya yi tuntuɓe a kan wasali ɗaya na kusa da shi ya ɗaga shi nan take, babu wanda yake jin an ci masa mutunci domin kowa zai zo kan layi, mai gyara yanzu shi ne abin gyara an jima. Abin da nake so a kawo wa 'yan TP ke nan.

Kuma ko a bokon ma Kaduna ta riga wasu sanin wannan hanya. A shekarar 2006 aka fara shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya tare da hukumar JICA ta ƙasar Japan, kuma jihohi uku aka fara da su, Kaduna da Neja da Filato. Duk malamin da ya halarci wannan horo zai tuna matakai huɗun da aka riƙa nanata mana, a shirya, a koyar, a duba yadda ta kaya, a gyara. Su can Japan malamai sun daɗe da al'adar haɗuwa su tsara darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar sauran su zauna su kalli yara, ba malamin kawai ba, bayan an tashi su zauna su tattauna. Mu sai muka riƙe biyun farko muka yar da biyun ƙarshe, ana gama bita aka karɓi alawus kowa ya koma yadda yake. Ga kuma NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa baki ɗaya, a nan bakin ƙofarmu take kan hanyar Zariya wajen Rigachikun, tun 1976 aka kafa ta, shekarar da aka ƙaddamar da UPE, shirin ilimin firamare ga kowa, aka buɗe makarantu ko'ina aka rasa masu koyarwa. Ga Zariya da tsohuwar kwalejin horar da malamai da aka buɗe tun 1962 da Cibiyar Ilimi ta ABU, ga kwalejin ilimi ta jiha a Gidan Waya. In akwai jihar da bai kamata ta rasa dabarar raino malami ba a Arewa to tamu ce.

Yanzu ga inda nake jin tsoro, kuma shi ya sa na ce bari in rubuto tun kafin wani ya ɗauki shawarar ya lalata ta. In kwaleji ta ce daga yau rubutun nan wajibi ne kuma maki ashirin ne, mafi kyawun rubutu shi ne mafi yawan maki, wallahi an kashe shi tun ranar. Wa zai rubuta cewa yau aji ya fi ƙarfina alhali ya san wanda zai karanta shi ne mai riƙe da sakamakonsa? Za a koma gidan jiya, kowa darasinsa ya yi nasara, a samu mutum ɗaya mai Turanci ya rubuta sauran su kwafa su canza sunan makaranta, masu shagon kwamfuta na bakin get su fara sayar da shi a shirye kamar yadda suke sayar da furojet, ga kuma manhajojin waya na yanzu da za su zubo maka shafi biyu cikin daƙiƙa ba tare da sun taɓa shaƙar ƙurar alli ba. Ni a ganina in za a sa maki to a sa shi a kan abu biyu kawai, shin ya rubuta a kai a kai, kuma shin ya amsa wa 'yan uwansa da abin da zai amfane su. Abin da ke cikin rubutun kuwa, nasara ce ko faɗuwa, kada ya rage masa ko maki ɗaya. Hasali ma lakcara mai hankali in ya ga ɗalibin da wata uku bai taɓa samun matsala ba, wannan shi ne wanda ya kamata ya kira ya zauna da shi.

Sai maganar harshe. A bar su su rubuta da harshen da suke tunani da shi. Wanda Hausa ta fi masa sauƙi ya rubuta da Hausa, wanda yake so ya gauraya ya gauraya, a rukunin da akwai 'yan kudancin jihar ko wasu da Turanci ya fi zama musu daidai sai su yi da abin da kowa zai gane. Na san za a ce ai Turancin nasu ne yake da rauni don haka a tilasta musu, na yarda yana da rauni, amma akwai kwas ɗin Turanci domin wannan, kada a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Yaron da yake fama da neman kalma ba zai iya fama da neman dalilin da ya sa darasinsa ya rushe ba a lokaci guda, zai rubuta abin da ya iya rubutawa ne ba abin da ya faru ba.

Akwai kuma amana. Wannan rubutu na 'yan rukuni ne, ba na duniya ba. Ban yarda ɗan TP ya ɗauki hoton yaro ko bidiyonsa yana kuskuren karatu ya watsa a Facebook ko TikTok ana dariya ba, muna ganin irin wannan kuma abin takaici ne, ɗan mutane ne aka ba ka amana, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan ko da tsoron Allah bai hana mutum ba. Kada a rubuta sunan yaro, a ce wani yaro a layin baya ya isa. Kada kuma a mayar da wurin dandalin gulmar malaman makaranta da hedimasta, domin magana ba ta ɓuya, sikirinshot ɗaya ya isa ya sa makaranta ta ce ba ta ƙara karɓar 'yan TP. Ka rubuta abin da kai ka yi da abin da yara suka yi, a nan ikonka yake.

Za a ce data fa, caji fa, ga wanda ko babbar waya ba shi da ita. Gaskiya ne, yawancin yaran nan da kyar iyayensu suke haɗa musu kuɗin mota da na kwali da maka, bai kamata a ƙara musu nauyi ba. Shi ya sa na ce littafi ma ya wadatar. Waɗanda aka tura makaranta ɗaya ko unguwa ɗaya su musanya hannu da hannu. Kuma tun da aka mayar da makarantun gwamnati kwana huɗu a mako a watan Janairun 2022, safiyar Juma'a ta zama lokacin da za su iya haɗuwa awa ɗaya ko biyu a wani aji kafin masallaci, kowa ya karanta guda ɗaya daga abin da ya rubuta a makon, wanda ya fi damunsa, a tattauna. Amfanin waya kawai shi ne tana haɗa wanda aka tura Kakuri da wanda aka tura Mando ko wani ƙauye a Igabi, kuma rubutu zalla ba ya cin data kamar bidiyon da suke kwana kallo.

Mu ma tsofaffin malamai akwai namu a ciki. Sunan da aka ba mu a takarda shi ne masu kula da ɗan TP, amma babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga yadda ake kulawar, babu ko sisi a kai, kuma sau da yawa sufabaiza zai zo ya tafi bai tambayi malamin ajin ko kalma ɗaya ba alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In aka ce malamin aji ya riƙa karanta rubutun ɗan TP ɗinsa sau ɗaya a mako ya rubuta masa layi biyu a ƙasa, an ba shi aikin da zai iya kuma an dawo da shi cikin ajin. Sai dai a gaya masa tun farko ba jan biro ake so ba, tambaya ake so, me ya sa kake ganin suka yi haka, me za ka gwada gobe. Wasunmu in muka ga rubutun yaro hannunmu ƙaiƙayi yake sai mun zagaye kuskuren sifelin, to a nan sai mun danne zuciya. Ni kaina tsinken tsintsiyar nan yanzu yana cikin durowata, daga wurin 'yar TP na samo shi.

Kowa a jihar nan yana tuna 2017, lokacin gwamnatin Malam Nasir El-Rufai, da aka yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu aka ce 21,780 ba su kai makin da ake so ba aka sallame su, aka ce za a ɗauki 25,000 sababbi, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018, sannan a 2022 aka sake sallamar wasu 2,357 bayan wata jarrabawar. Ba na son in tayar da tsohon miki, kowa da ra'ayinsa a kai kuma akwai gidajen da har yau ba su farfaɗo ba. Abin da kawai nake so a duba shi ne, waɗannan mutane da yawansu da takardar kwaleji a hannunsu suka shigo aikin, sun yi TP an sa musu maki sun ci. Sababbin da aka ɗauka su ma ta wannan ƙofar suka biyo. Jarrabawa tana iya nuna maka wanda bai san lissafin aji huɗu ba, kuma lallai wanda bai sani ba bai kamata ya koyar ba, amma ba ta nuna maka wanda ya san 52 a cire 38 saura 14 amma bai san me ya sa yaro ya rubuta 26 ba, kuma irin waɗannan sun fi yawa. Ita ma jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN da ake yi a kwamfuta kafin a ba mutum lasisin koyarwa tana da amfaninta, amma zaɓi ɗaya cikin huɗu ne, ba aji ba ne mai yara tamanin da rana ta take.

Don haka kirana ga hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi, wadda tun 1989 ita ke tsara abin da ake koyarwa a matakin NCE, wato takardar shaidar malanta, da shugabannin kwalejojin ilimi da tsangayoyin ilimi na jami'o'inmu, musamman masu kula da ofishin TP, su sa wannan a cikin tsarin tun daga darasin gwajin koyarwa da ɗalibai suke yi wa junansu a shekara ta biyu, domin ba a fafe gora ranar tafiya, yaron da bai saba rubuta gaskiyar darasinsa a gaban abokansa ba ba zai fara ranar da aka jefa shi aji ba. A raba su ƙananan rukunai kafin su fita, a haɗa mai ƙarfi da mai rauni, kada a bar abokai su zaɓi juna domin za su yi ta yabon juna ne kawai. Sufabaiza kuma kafin ya shiga aji ya karanta ko shafi uku na abin da ɗalibin ya rubuta, sai ya san me zai duba, maimakon kallon takalmi da ɗaurin ɗankwali. SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi su kuma su taimaka da abu ɗaya, su hana malamin aji ɓacewa in ɗan TP ya zo, ko da rabin darussan ne ya zauna a baya.

Su kuma 'yan TP na bana da za su ga wannan wasiƙa, ba sai kun jira kwaleji ta fitar da sanarwa ba, ku biyar ko shida da kuka yarda da juna ku fara daga makon farko, littafi ɗaya kowa, minti goma bayan an tashi kafin ku hau mota. Wanda aka turo makarantarmu kuma ya zo da nasa littafin daban da na lesin not, zan nema.

Na gode Malam Edita da wannan fili, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar nan, a gaida ma'aikata.

Naku,
Wani malamin firamare,
Tudun Wada, Kaduna.